Ma'anar "flexible" da inda ta samo asali

Ka tambaya ko "flexible" taushi kawai take nufi, kuma daga ina Turawa suka samo ta. Taushi bai kama ta ba, ɗan'uwa. Auduga tana da taushi, amma ba a ce mata haka. Abin da ake kira flexible shi ne wanda zai tanƙwaru bai karye ba, kamar ɗanyar tsumagiya ko tiyon ban ruwa.

Tushenta Latin ne: flectere, wato lanƙwasa, daga shi aka gina flexibilis. Ta shiga Ingilishi wajen ƙarni na 15. Abin da ya fi burge ni shi ne wutsiyar nan ta -ible, domin aikinta ɗaya da -uwa tamu. Ka ji makanike ya ce "injin nan yana gyaruwa", ai zai yiwu a gyara shi ke nan. To, flexible "mai lanƙwasuwa" ce sak.

Idan aka faɗa wa mutum, yawanci yabo ne: mai sauƙin kai, wanda ba ya kafewa kan magana ɗaya. A tsohon Ingilishi kuwa takan zama zagi, wanda kowa ke juyawa kamar waina. Ana faɗarta ga lokacin aiki ma, idan ma'aikaci ne ke zaɓar sa'o'insa.

Danginta suna da yawa. Reflect, hasken da ya bugi madubi ya juyo. Genuflect, lanƙwasa gwiwa. A Ingila har wayar dutsen guga flex suke ce mata.