Ku Tambaya Mu Amsa: Bindigar Iska da Batun Lasisi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Gilasgo, ina sha'awar harbin saiti da bindigar iska, sai aka ce mini sai da lasisi, alhali abokina a Ingila ya saya ba takarda. Wannan ba takurawa ba ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abin da aka gaya maka gaskiya ne. A Ingila da Wales, wanda ya kai shekara 18 yana iya sayen doguwar bindigar iska ba lasisi muddin ƙarfinta bai wuce kimanin jul 16 ba (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne), ƙaramar ta hannu kuwa kimanin jul 8. Sikotilan, inda Gilasgo take, ta ɗauki wata hanya. A 2005 an harbi wani yaro ɗan shekara biyu a ka da bindigar iska a unguwar Easterhouse da ke nan Gilasgo, ya rasu. Kiraye-kirayen da suka biyo baya na cikin abin da ya haifar da dokar 2015, wadda ta fara aiki sosai ranar 31 ga Disamba, 2016. Tun daga nan duk bindigar iska da ta wuce jul 1 sai da takarda.

Za ka cike fom ka miƙa wa 'yan sanda da hotonka, wani wanda ya san ka ya sa hannu. Su kuma za su duba halinka, da dalilinka, da wurin da za ka yi harbin. Takardar shekara biyar take yi. Inda aka fi faɗuwa shi ne dalili: "zan riƙa harbin gwangwani a bayan gida" ba ya cika samun karɓuwa a unguwa mai cunkoso. Ka fara shiga kulob ɗin harbi da hukuma ta amince da shi, nan za ka koya kafin ma ka mallaki taka.

Masu ƙorafi suna cewa dokar masu gaskiya take wahalarwa, ɓata-gari ba ya zuwa cike fom. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma mu a ganinmu tambayar "a ina za ka harba?" ta cancanci a yi wa kowa ita, don ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, wadda nauyinta rabin giram ne kacal, tana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 240 a daƙiƙa guda. Ta isa ta fasa ido.

Tambaya: Ina da rumbunan hatsi a wajen gari a Jigawa, ɓeraye sun dame ni. Bindigar iska ma sai an nemi izini a Najeriya? Kuma yarana suna yawan shiga wurin.

Amsa: Alhaji, sai da izini. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar iska a sahu ɗaya da bindigar farauta, kuma lasisinta daga Sufeto-Janar na 'yan sanda yake fitowa. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba. Ka fara zuwa hedikwatar 'yan sandan jiharku kafin ka ba kowa kuɗi.

Maganar yaran ce ta fi damun mu. Ka kulle bindigar a akwati, ƙwayoyin dalmar a wani wuri daban, makulli a aljihunka. Irin wadda ake cika wa iska tana iya zama da ƙwaya a ciki ba alama, don haka kafin ka ajiye, ka juya bakinta cikin yashi ka danna kunama. Kada kuma a taɓa cika ta da iskar oksijin ta masu walda, fashewa take yi.

Irin wadda ake karya hancinta a ɗana kuwa, hannu ɗaya ya riƙe hancin gam yayin da kake sa ƙwaya. In kunamar ta kuɓuce, hancin yana komawa da ƙarfi ya datse yatsa, shi ma ya lanƙwashe. Kada ka harba ta ba ƙwaya a ciki, robar fistin ɗin da ke matso iska lalacewa take yi. Kada ka ɗiga mata man inji a ramin iska: matsin yana kunna man kamar a injin dizal, ka ji ƙara ka ga hayaƙi, saiti ya ɓaci.

Sai abin da ke bayan ɓeran. Siminti da ƙarfe da busasshen katako, har ma da fuskar ruwa, duk suna mayar da ƙwaya ta inda ba ka zata ba, zana kuwa ba ta tare komai. Ka jera buhunan yashi a bayan inda ka zuba tsaba, ka tsaya tsakanin mita 10 zuwa 20, ka harba ƙasa-ƙasa, yara da awaki duk suna bayanka. Ka kuma ɗauke gawar da ƙwayar a jikinta, kada dalma ta shiga hatsi ko kaji su tsince ta.

In ɓerayen sun yi yawa, bindiga ɗaya-ɗaya take ɗauka. Toshe ramuka, ɗaga buhuna kan katako da jera tarko a gindin bango sun fi rage su, kuma su ba sai da lasisi ba.