Me ya sa 'yar kwamfutar ta ƙi tashi?

Musa, ka tambaye ni da safe ko Raspberry Pi ɗin nan, 'yar kwamfutar da malamin makarantar nan ya dawo da ita, ta ƙone ne, tunda ta ƙi kawo komai a allo. Ba ta ƙone ba. Jona ta ka duba fitilunta biyu. Idan ja ta kama amma koriya ba ta ƙiftawa, ka fara zargin katin ajiyarta kafin ka zargi na'urar.

Ita wannan ba ta da had-disk. Duk abin da take rayuwa da shi, har manhajar Raspberry Pi OS da aka gina kan Linux, yana cikin ƙaramin katin microSD. Ba ta kuma da batir kamar laptop. To a garin nan da ake ɗauke wuta ba sallama, a tayar da janareto, a sake juyawa, duk lokacin da wuta ta yanke tana cikin rubutu a kan kati, abin da ke ciki na iya hargitsewa. Sai ka sa Raspberry Pi Imager, manhajar da ke rubuta Raspberry Pi OS a kan kati, a kwamfutar shago ka rubuta mata sabo. Amma kar ka ɗauko irin katin da ake tallarsa a tire a kasuwar Terminus ta nan Jos, an rubuta 64GB a jiki, cikinsa bai kai rabi ba.

Sai caja, inda yawancin mutane ke cutar kansu. Pi 4 ta 2019 tana son bolt 5 da amfiya 3 ta kafar USB-C, Pi 5 ta 2023 kuwa har amfiya 5. Mutum ya ga bakin ya yi daidai da na wayarsa, sai ya cusa cajar waya mai araha. Za ta kama, amma da zarar an saƙala mata kibod da filashi, wutar ta sauka ƙasa da bolt 4.63, sai ta fara gargaɗi, ta rage gudu, wani lokacin ta mutu ta tashi da kanta. Siririyar waya mai tsawo ma tana jawo haka ko da cajar mai kyau ce. Ka riƙa aunawa da mita, ka daina yarda da rubutun jikin caja.

Zafi bai cika damunmu a Jos ba, amma wanda zai kai ta Abuja ka sa masa fanka, don tana rage gudu idan ta haura digiri 80. Tsinkayen nan 40 na gefenta da ake jona wa wayoyi kuma, siginarsu bolt 3.3 ce. Ka tura musu 5, ka sayi asara.

Ka kuma riƙa gaya wa kwastoma gaskiya. A Kambirij ta Ingila aka ƙirƙiro ta, ta fito a 2012 kan dala 35, don yara su koyi rubuta manhaja. Mutum ya ji wannan kuɗin sai ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Ya haɗa caja, kati, akwati, wayar HDMI, kibod da allo, sai ya ga ya kusa kuɗin laptop na hannu. Mai son buga takardu kawai, nuna masa laptop. Mai son kunna famfon rijiya idan tanki ya sauka, ba shi Pico, 'yar ƙaramar na'urar sarrafawa ta masu Raspberry Pi, wadda ta fito a 2021 kan dala 4. Ba kati a jikinta, wuta ta dawo ta ci gaba da aikinta.

Shi malamin, gobe idan ya zo ka ce ya taho da cajar da yake amfani da ita.