Rawanin ɗan Kura a kan mahayin da bai kai tsawon yatsa ba

Wai kana so in nuna maka yadda za ka samu hannu naka na kanka a fentin ƙananan mutum-mutumin nan, don ka gaji da a ce aikinka irin nawa ne. Irin nawa? Wa ya gaya maka, yaro? Ajiye wayar nan ka saurara.

Wani ɗan kwangila ya taɓa zuwa nan, ya ce otal ɗin da yake wa aiki na son a jera Hawan Daushe a cikin akwatin gilashi a zauren baƙi: mahaya 40, da dogarai, da 'yan lifidi, kowanne tsayin milimita 54. Muka yi ciniki, ya ba da kafin alƙalamin da bai taka kara ya karya ba. Na zuba su duka da rezin, wato ruwan roba mai daskarewa a mazubi, da kuɗina. Na fente ɗaya a matsayin samfur, hakimi a kan farin doki, da rawanin ɗan Kura. Ka san yadda baƙin rawanin nan yake ƙyalli bayan an buge shi da shuni, ba baƙi sosai ba, ba shuɗi ba. Babu kwalbar fentin da ke da wannan launi, ko ta kamfanin Vallejo da ake kawowa daga Sifen. Ni na nemo hanyata. Shuɗi mai duhu a ƙasa, sai ruwan shunayya siriri a bi shi sau da yawa, kowane shafi ya bushe kafin na gaba, daga ƙarshe in kankare bakin fensir in goga garin a kan tudun naɗin kawai. Kwarin naɗin ba a taɓa shi.

Mutumin ya gani ya yi ta salati. Ya ce zai kai wa manaja, kuma a ba shi sauran da ba a fente ba, wai za a auna gilashi. Na ba shi, don a lokacin ina ganin mai furfura ba ya ƙarya. Shiru. In na je ofishinsa a ce ya yi tafiya. Ashe wurin wani yaro mai rubuta allon shaguna ya kai su, ya dasa masa samfur ɗina a gaba, ya ce ya yi irinsa a rabin kuɗi.

Araha ba ta ado. Yaron bai wanke maiƙon mazubi da sabulu ba, bai yi shafin farko ba, ya ɗauko fentin mai na ƙofa ya lafta. Zanen jalala ya toshe, zoben linzami ya nutse, rawanin ya koma dunƙulen kwalta. Kafin damina ta fita fentin ya fara ɓarewa. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne ɗan kwangilar ya gaya wa masu otal ɗin aikina ne, tunda sun ga sunana a ƙarƙashin samfur. Wani da zai ba ni babban aiki ya leƙa akwatin nan, ya fasa. Cikon kuɗina ban gan shi ba, hakimina ma bai dawo ba. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba.

Yaron nan yana da samfur a gabansa, yana juya shi yadda ya so, bai ga komai ba, don shafi na ƙarshe kaɗai ido ke kamawa. Haka kuke yi ku ma. Ku kwana a YouTube kuna kallon Turawa masu fentin ƙananan sojojin wasan Warhammer na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham, ku haddace sunan kowace kwalba. Sun iya, ban hana su ba. Amma hunturunmu ba irin nasu ba ne. A nan fentin akirilik yana bushewa a kan buroshi kafin ya isa fuska, musamman wannan siririn buroshi mai lamba sifili uku da kuke rububi. Lamba 1 mai tsinin kirki ya fi shi riƙe ruwa. Kuma launin fatar da ke cikin kwalinsu yawanci ruwan hoda ne. Ka ɗauki fari ka haskaka fuskar dogari, sai ta fito toka-toka. Ruwan ƙasa mai duhu da ɗigon ja ake farawa da shi, a ɗaga goshi da hanci da ruwan ɗorawa mai duhu.

Sirka fenti da ruwa, wanke buroshi, wannan ba zan ɓata bakina a kai ba.

In da gaske kake, ga dogarai can a kwali. Ɗauki guda 10, launi biyar kacal na yarda ka taɓa, kuma ba ni son ganin ja da koren rigarsu iri ɗaya a guda biyu. Kowanne ka rubuta a littafi abin da ka haɗa da yawan shafin da ka yi, don gobe za ka manta. Wanda ya fito ya ba ka mamaki, shi za ka maimaita har hannunka ya saba. Kada ka fesa banish, wato shafin ƙarshe mai kare fenti, in hadari ya haɗu, laima tana sa shi ya yi fari. Kuma ko ɗaya kada ya fita daga shagon nan sai an biya, ko da kawunka ne ya zo.