Ta yaya likita zai gane inda zai ƙona a cikin zuciya?

Tambaya: Likita, shekaruna 34. Ina zaune kalau sai zuciyata ta kama gudu, har 180 a minti, can kuma ta lafa lokaci guda. Sau biyu ana yi mini ECG, wato gwajin lantarkin zuciya, ana cewa lafiya lau. Yanzu likitan zuciya ya ce za a zura waya a ƙona wani wuri. Ta yaya zai san wurin alhali ba a buɗe ƙirji ba?

Amsa: Malama, sannu da jiki. ECG na daƙiƙa goma ne kacal, idan ba a dace da lokacin da abin ya motsa ba, ba zai nuna komai ba.

Zuciya da lantarki take aiki. Wani ɗan wuri a ɗakinta na sama na dama shi ke kunna kowane bugu, sau 60 zuwa 100 a minti, saƙon ya bi mashiga ɗaya ya sauka ƙasa. Yadda kika kwatanta naki, ya fi kama da na masu ƙarin hanya, inda saƙon ke ta kewaye kamar jakin rijiya.

Za a zura siraran wayoyi ta jijiyar matsematsi har cikin zuciya. Bakin kowace waya yana ɗaukar lantarkin inda ya taɓa. Daga nan likita zai tsokano bugun da gangan (kada ki tsorata, yana iya tsayar da shi nan take), ya auna inda saƙon ya fara isa da inda ya makara. Bambancin bai kai ƙiftawar ido ba, da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ake ƙirga shi. Wasu na'urorin kan mayar da wannan lissafi taswira mai launi. Wurin da za a ƙona don yanke ƙarin hanyar milimita kaɗan ne, kuma bayan an gama sai a sake tsokana a ga ko zai dawo.

Da irin wannan aunin ne likitocin Bordo a Faransa suka gano, a 1998, cewa wani irin bugu mai rikicewa da ya fi kama dattawa yawanci daga bakin jijiyoyin huhu yake tasowa. Shi yakan iya dawowa bayan an ƙona. Irin naki kuwa, fiye da 90 cikin 100 suna rabuwa da shi. Haɗarin da zan so ki tattauna da likitanki shi ne taɓa mashigar nan ta asali, wanda ke sa kusan mutum 1 cikin 100 ya buƙaci a dasa masa na'urar daidaita bugu.

Kafin ranar, da ya motsa ki hanzarta a yi ECG yana cikin yi. In kuwa ya zo da suma ko ciwon ƙirji, ki wuce sashen gaggawa.