Me ya sa Antakiya ta fi Gaziyantep da ke kusa da cibiyar girgizar ƙasa rugujewa?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina karanta jiyoloji a Turkiyya, tun girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023 hankalina bai kwanta ba. Gaziyantep ce kusa da cibiyar girgizar, amma Antakiya mai nisan fiye da kilomita 100 ta fi rugujewa. Idan nisa ba ya kare mutum, ina zan kama haya?

Amsa: Ɗalibi, wannan jan ɗigon cibiyar girgizar da ake zanawa a taswira a kewaye shi da da'ira, wallahi ya gajiyar da ni. Kullum sai wani ya turo min shi yana cewa ai mu muna nesa. Nesa da me? Ɗigon nan inda tsagewar ƙasar ta fara ne kawai. Ka taɓa ganin mai yadi a kasuwa ya ɗan ɗosana almakashi a baki sannan ya yage shi ƙyat har ƙarshe? To ɗigon wurin almakashin ne. Waccan girgizar mai maki 7.8 ta faro a ƙaramin reshe kusa da garin Pazarjik, ta faɗa babban layin tsagewar ƙasa na Gabashin Anatoliya, ta yage gefe biyu kusan kilomita 350, ɓangare ɗaya ya nufi Hatay.

Yagewar tana gudun kimanin kilomita 3 a sakan, dab da gudun igiyoyin jijjigar da take fitarwa, don haka wanda ta nufo sai igiyoyin su tarar masa su iso a dunƙule, bugu ɗaya ko biyu masu tsawo, irin da dogayen benaye ba sa so, wanda ta ba wa baya kuwa nasa a warwatse suke zuwa. Ga kuma ƙasar Antakiya mai laushi a bakin kogin Asi tana ƙara wa abin ƙarfi. A can ɗan ƙwallon ƙafa Christian Atsu na Ghana ya rasu.

A kwamfuta muna ɗaukar layi ɗaya, maki ɗaya, mu riƙa sauya mafari, taswirar jijjiga ta canza gaba ɗaya. Haka aka gwada wa layin San Andreas na California a Amurka, in ta yage daga kudu zuwa arewa Los Angeles ta fi shan wuya. Amma ta ina za ta fara, babu mai faɗa maka, balle masu duba taurari a intanet da ke sa rana.

Maganar haya, buɗe taswirar haɗari ta AFAD, hukumar kula da bala'o'i ta Turkiyya, ka auna nisanka da layin tsagewar kansa, ka tambayi irin ƙasar unguwar da shekarar da aka yi ginin.