Albashin Dogon Hutu da Karanta Ƙagaggun Labarai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce, muna dogon hutu. Da safe ina tsara darussan zango mai zuwa, da dare kuma ina karanta ƙagaggun labarai da na tarihi, wani lokaci har dare ya raba. Akwai sauran takardun jarrabawar aji ɗaya da ban gama dubawa ba, ina jinkirta su. Wata abokiyar aikina ta ce albashin hutu akwai shubuha tunda ba ma aiki, kuma ƙagaggun labarai ƙarya ce, karanta su haramun ne. Zuciyata ta kasa natsuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ƙara miki tsoronSa, 'yar'uwa.

Albashinki halal ne. An ɗauke ki aiki da sanin cewa akwai hutu a cikin shekara, kuma abin da aka saba da shi daidai yake da sharaɗin da aka rubuta. An taɓa tambayar Ibnus Salah, wanda ya rasu a shekara ta 643 bayan hijira, game da hutun makarantu na Ramadan da rabin Sha'aban, ya ce ba ya hana cancantar abin da ake bayarwa daga waƙafin makarantar matuƙar wanda ya yi waƙafin bai sharɗanta karatu a lokacin ba. Suyuɗi ya kawo wannan a littafinsa Al-Ashbah. Tsara darussa kuwa alheri ne, ki gyara niyya kawai.

Inda na tsaya a wasiƙarki shi ne takardun nan da kika ambata a gefe kamar ba komai ba. Su ne suke canza hukuncin. Aikin zangon da ya wuce ne, an riga an biya ki a kansa, kuma akwai yara da iyaye da ke jiran sakamako. Bashi ne a wuyanki. Idan makaranta ta sa ranar miƙa maki kuma ta wuce, to duk daren da kika ɗauki littafi kika bar su akwai laifi, saboda jinkirta haƙƙi alhali kina da iko. Ko tsara darussan gaba bai kamata ya shiga gabansu ba, domin nafila ba ta riga farilla. Idan ranar ba ta yi ba, babu laifi tukuna, amma na san yadda ake ƙarewa: a daren ƙarshe a zuba maki da ka, a zalunci yaron da ya kwana yana karatu.

Sai maganar cewa ƙagaggen labari ƙarya ce. Akwai malaman da suka tafi a kan haka, ina girmama su, amma ban ga hujjarsu ta tsaya ba. Ƙarya ita ce ka ba mutum labarin da zai ɗauka ya faru alhali bai faru ba. Wanda ya buɗe littafin labari ya san marubucin ƙirƙira ya yi, babu wanda aka yaudara. Hadisin da ya yi gargaɗin azaba ga mai ƙarya don ya ba mutane dariya yana magana ne a kan wanda ke sayar da ƙaryarsa a matsayin gaskiya. Malaman nan suna kuma kafa hujja da "lahwal hadisi", wato zance mai shagaltarwa, a aya ta 6 ta Suratu Luƙman. A ƙarasa ayar mana: don ya ɓatar daga hanyar Allah. Masu tafsiri da dama sun ce ta sauka ne a kan Nadru ɗan Harisu, wanda yake kawo labaran sarakunan Farisa don ya janye mutane daga sauraron Alƙur'ani. Ina haɗinsa da malamar da ta gaji ta nemi hutawa? Dubi kuma masu jayayya biyu da suka shigar wa Annabi Dawuda a Suratu Sad da zancen tumaki 99 da tunkiya ɗaya. Da yawa daga masu tafsiri sun ce mala'iku ne, misali suka buga masa. Ƙagaggun labaran Larabci da ake kira Maƙamat na Hariri, wanda ya rasu a 516 bayan hijira, gwarzonsu Abu Zaid ƙirƙirarre ne, amma ƙarni bayan ƙarni manyan malamai suna karantar da su suna yi musu sharhi. Da ƙarya ce haramtacciya da ba su taru a kanta ba.

Abin dubawa shi ne abin da ke cikin littafin. Mai batsa ko mai izgili da addini, a ajiye shi, wannan babu saɓani.

"Har dare ya raba" ɗin nan ma bai kwanta mini ba. Idan yana sa ki makara sallar Asuba, ki yanka wa kanki lokacin rufe littafi, ki kuma ware wa Alƙur'ani rabonsa a hutun nan kafin hayaniyar aji ta dawo. Abokiyar aikinki kuma kada ki ja da ita a gaban mutane, alheri ta nufa da ke. Ki nuna mata amsar nan ku biyu. Gobe bayan Asuba ki fara da takardun, ki raba su kashi-kashi har su ƙare.

Allah ne mafi sani.