Sansanin masu karnuka a arewacin Jidda: a zuba jari ko a dakata?

Wani ɗan'uwa mazaunin Jidda ya rubuto cewa yana ba da hayar tantuna, dardumu, kujeru da murhun gashi ga masu fita kashta, wato yawon shaƙatawa a bayan gari, a wajen Abhur da ke arewacin Jidda. Ya ce baƙi ma'aikatan kamfanoni da wasu matasan Larabawa suna yawan tambayarsa inda za su kwana kusa da teku tare da karnukansu. Ya tara riyal 60,000, yana so ya kama fili na shekara a Zahban ya kafa sansanin da ake shiga da kare. Yana tambaya ko ya shiga.

Alhaji, idonka ya gano kasuwa. Tun da aka buɗe bizar yawon buɗe ido a Satumban 2019 baƙi suka ƙaru, a 2020 ma an buɗe gidan shan gahawa na masu karnuka a Khobar, sannan ga jami'ar KAUST a Thuwal da ta tara mutanen ƙasashe da yawa a arewacinku. Masu kare suna da kuɗin kashewa, wuraren da ke karɓarsu kuma ba su da yawa. Duk da haka shawarata kada ka kama filin nan bana. Ka fara gwaji da kaso ɗaya cikin huɗu na kuɗinka, a cikin istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya mai katanga.

Takarda ce farko. Idan kai ɗan ƙasar Saudiyya ne, hanyarka a buɗe take: sijil tijari, wato rajistar kasuwanci, daga Ma'aikatar Kasuwanci, lasisin baladiyya, wato hukumar gari, ta manhajar Balady, da lasisin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido tunda za ka kwanar da mutane don kuɗi. Idan kuwa iƙama, takardar zaman baƙi, kake riƙe da ita, ina roƙonka kada ka sa sana'ar da sunan wani ɗan ƙasa kai kana juya ta a bayan fage. Wannan shi ne tasattur, kuma dokarsa ta 2020 ta kai hukuncin har ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Sansani ba ya ɓoyuwa, mutane za su ɗauki hoto su watsa a Snapchat da Instagram tun daren farko. Baƙo yana bi ne ta Ma'aikatar Zuba Jari, kuma kuɗin wannan hanya kaɗai zai sa ka sake lissafi.

Yanzu mu zauna kan lissafin, don nan ne masu sana'ar kaka suke faɗuwa. Ba wanda zai biya ka ya kwana a tanti cikin zafi da gumin Jidda na watan Yuli, balle da kare, wanda yashi mai zafi ke ƙone wa tafin ƙafa. Kasuwarka daga Nuwamba ce zuwa Maris, kusan mako 21. Hutu Juma'a da Asabar ne, saboda haka daren Alhamis da daren Juma'a su ne na ciniki, dare 42 ke nan. A shekarun nan azumi yana faɗowa cikin sanyi, ka cire dare 8. Ka cire na ruwan sama da iska. Abin da ya rage bai wuce dare 30 ba. A ce hayar fili, shinge, banɗaki, tankar ruwa, janareta da mai gadi sun ci riyal 45,000. Sai kowane dare ya kawo 1,500 kafin uwar kuɗi ta dawo, wato tanti shida a kan 250, a cike, ba fashi ko sau ɗaya. Mai fili kuwa zai karɓi hayarsa ta wata goma sha biyu, har da bakwai ɗin da wurin yake zaune ba kowa.

Istiraha tana sauke maka wannan nauyi. Zahban da Abhur ta Arewa cike suke da su, ana ba da su haya dare-dare, da katanga da ruwa da wuta da banɗaki. Ka sami mai guda ɗaya ya amince a rubuce cewa za a shigo da karnuka, a rubuta wanda zai biya idan an yi ɓarna. Ka karɓi kuɗin mutane gaba ɗaya kafin ka biya hayar daren. Idan ba su cika ba, ka fasa tun ranar Talata. Katangar nan ita ce hajarka ta gaskiya. Mai kare yana biyan kuɗi ne don ya kwance wa dabbarsa igiya hankalinsa kwance, ba mota, ba karnukan daji, ba iyalin da za su tsorata. Bakin ruwa kansa kada ka yi alkawarinsa a talla: yawancin gaɓar Sharm Abhur wuraren shaƙatawa ne masu zaman kansu, buɗaɗɗiyar gaɓa kuma tana ƙarƙashin kulawar Haras al-Hudud, wato masu tsaron iyaka, da hukumar gari.

Akwai abin da ya fi damuna, shi ne tsofaffin kwastomominka. Iyalai ne da suke salla a kan dardumanka. Mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya an karantar da mu cewa kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai bin umarni ne. Mutanen nan kuwa galibinsu Hambaliyya ko Shafi'iyya suke bi, a wurinsu yawun kare najasa ce mai nauyi. Ranar da magidanci ya ji cewa dardumar da ya yi sujada a kanta jiya kare ya kwanta a kai, ka rasa shi, ka rasa danginsa. Taura biyu ba ta taunuwa. Kayan masu kare su zama daban, da launi daban, da wurin ajiya daban, da suna daban a talla, kuma shimfiɗarsu ta zama ta roba mai wankuwa. Batun halaccin kuɗin, tunda hadisi ya keɓe karen farauta, na kiwo da na gona, ka kai shi gaban malamin da ka yarda da shi kafin ka kashe riyal ɗaya, ka kuma gaya masa cewa wuri kake bayarwa haya, ba kare kake sayarwa ba.

Sharuɗɗan shiga su zama gajeru kuma ba sassauci: katin rigakafin haukan kare, igiya har sai an rufe ƙofa, kuɗin ajiya da za a mayar da safe, kuma kowa ya sa hannu cewa cizo da ɓarna a wuyan mai kare suke. Kada ka sayi itacen gida don hura wuta, dokar muhalli ta hana cinikinsa, gawayin da aka shigo da shi ya wadatar. Ka guji wurin da ke kan hanyar kwari. Mutanen Jidda ba su manta ambaliyar Nuwamban 2009 ba.

Harajin VAT na kashi 15 ba ya zama dole sai cinikin shekara ya haura riyal 375,000, amma ka riƙa rubuta komai tun yau, ka karɓi kuɗi ta katin biyan kuɗi na Mada ko ta banki. Ka yi mako takwas a haka da riyal 15,000. Idan Maris ta zo ka duba littafinka: dare nawa ya cika, kuma mutum nawa suka dawo karo na biyu ba tare da ka rage musu farashi ba. Idan rabinsu sun dawo, ka nemi mai istirahar ku yi yarjejeniyar wata biyar na kaka mai zuwa, ka biya shi wata-wata.